Tafiyata Sakkwato da Auta, inda aka yi mata hanci da fatar goshinta

Daga asibitin Sakkwato na masu ciwon noma, ciwon da ke cin naman fuskar yara, aka bugo wa mijin yayata waya, aka ce likitocin tiyata sun kusa sauka, a kawo Auta. Ƙarshen kaka ne, dawarsa na tsaye a gona ba a yanke ba, kuma ba shi da mai kama masa aiki. Ni malamin makaranta ne a Funtuwa, hutun ƙarshen zango ya matso, sai na ce ni zan raka Auta da mahaifiyarta.

Auta 'yar yayata ce, shekarunta goma sha biyar. Tana da shekara uku ƙyanda ta kama ta. Tana tashi daga ƙyandar dasashinta ya kumbura, bakin ya soma wari, kuncin hagu ya tasa. Kafin a yi mako biyu wani baƙin tabo ya fito a gefen hancinta, naman wurin ya mutu, ya zube. A ƙauyensu wasu suka ce iska ce, wasu suka ce ciwon daji ne, aka yi hayaƙi, aka sha saiwoyi. Allah ya yi da sauran kwananta a gaba, ta tashi, amma ta rasa ɓarin leɓen sama da kusan rabin hanci. Da gefen hijabi a baki ta girma. Ba ta zuwa biki, ba ta cin abinci a kwano ɗaya da sa'o'inta. Sai da wata ma'aikaciyar rigakafi ta shiga gidan ta gan ta, sannan muka ji cewa ciwon sunansa noma, kuma akwai asibitinsa a Sakkwato, kyauta ake yi. Bara mahaifinta ya kai ta aka gyara leɓen. Saura hanci.

Bayan sallar asuba muka shiga mota a tashar Funtuwa, domin yanzu ba mai hankalin da ke son dare ya same shi a hanyar Gusau. Daga Yankara zuwa Tsafe motar shiru take, kowa da addu'arsa, direba na lura da motocin da ke tahowa daga gaba. In ya ga suna wucewa a jere sai hankalinsa ya kwanta, in hanya ta daɗe ba kowa sai ya rage gudu. Shingayen sojoji kuwa ban iya ƙidaya su ba. Sai da muka hango dutsen Kwatarkwashi aka fara hira. A Gusau aka tsaya karin kumallo, wata dattijuwa da ke kusa da mu ta miƙo wa Auta ƙosai a takarda, ta karɓa da hannu biyu ta gode, ta riƙe shi a cinya har Sakkwato ba ta ci ba. Leɓen ya gyaru tun bara, amma ba ta saba ci a gaban baƙi ba.

Muka wuce Bunguɗu da Maru da Talatar Mafara. Daga nan ƙasa ta fara buɗewa, bishiyoyi suka yi nesa da juna, raƙuma na tafe da kaya a gefen kwalta. Tureta, Dange, Shuni, sai ga mu cikin birnin Shehu da la'asar sakaliya. Ni na sauka a unguwar Mabera wajen wani abokina da muka yi kwalejin horon malamai tare, Yaya kuma ta zauna da 'yarta a asibiti, kamar yadda masu jinya suke yi.

Tun daga ƙofar asibitin Auta ta saki gefen hijabinta, ta shige gaba tana gaisawa da ma'aikata. Ban taɓa ganin ta tana tafiya a tsakar rana fuska a buɗe ba sai ran nan. Dalili kuwa a fili yake: a wannan haraba ba wanda zai tsaya kallon ta. Ga yaron da kuncinsa ya huje har ana ganin haƙora, ga budurwar da muƙamuƙinta ya ƙage shekara da shekaru ba ta buɗa baki, ta wata 'yar kafa tsakanin haƙora take tura abinci. Ga magidanci da furfura a gemu wanda ciwon ya ci tun yana goye, sai yanzu ya ji labarin wurin. Mutanen Zamfara da Kabi da Katsina ne suka fi yawa, da 'yan Nijar da suka ƙetaro ta Illela. Yara na ta guje-guje da bandeji a fuska, iyaye mata sun baje tabarmi a inuwa suna tsefe wa juna kai.

A 1999 aka buɗe asibitin. Tun 2014 ƙungiyar likitocin agaji ta ƙasa da ƙasa, MSF, take aiki a cikinsa tare da ma'aikatar lafiya, ita ke kawo ƙwararrun likitocin tiyata daga cikin gida da waje lokaci-lokaci a shekara. Magani da abinci da tiyata duk ba a biyan ko kwabo. Wata nas ce ta zaunar da mu ta yi mana bayani da Sakkwatancinta mai daɗi, har da ni da nake ganin na karanta kimiyya. Ta ce noma ba ta yaɗuwa daga yaro zuwa yaro, ba kuma iska ba ce. Ƙwayoyin cutar da ke cikin baki ne ke samun galaba idan jikin yaro ya raunana da tamowa, ko ƙyanda, ko zazzaɓin cizon sauro, galibi tsakanin shekara biyu zuwa shida. Idan aka tare ta tun tana dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su amoksisilin da metronidazol, da wanke baki, da abinci mai gina jiki, su ke tsayar da ita. Idan aka bari, a cikin yara goma tara mutuwa suke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta, a 1998, cewa yara 140,000 ke kamuwa duk shekara, amma sai ranar 15 ga Disamba 2023 ta saka noma a jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su, kuma Nijeriya ce ta jagoranci neman hakan.

Yaya ta yi shiru, sannan ta tambaya: wato maganin da ke kantin bakin kasuwarsu? Nas ɗin ta ce, "Awo, Inna, shi. Amma ba laifinki ba na, ba ki sani ba." Wannan maganar ta daɗe tana ci mini rai. Duk aikin da zan ba da labarinsa a nan, da likitocin da ke ƙetaro teku, da shekara goma sha biyu da yarinyar nan ta yi a ɓoye, 'yan ƙwayoyin magani na mako biyu ne suka rasa wanda zai ce a ba ta.

Ranar da aka duba ta, likitoci biyu ne, ɗaya Bature ɗaya ɗan ƙasa, da tafinta. Sun daɗe suna tattaɓa fuskarta, suka sa ta ɗaga gira, suka auna tsawon goshinta daga gira zuwa inda gashi ya fara. Ɗan ƙasar ya ɗauki takarda ya zana mana. Ya ce hanci hawa uku ne: shimfiɗar ciki wadda iska ke bi ta kanta, guringuntsin da ke riƙe da siffa, da fatar waje. In aka yi fatar waje kaɗai ba shimfiɗar ciki, sabon hancin zai tsuke ya shafe. Don haka za su juya fatar gefen ramin zuwa ciki ta zama shimfiɗa, su ciro ɗan guringuntsi daga kwarin kunnenta ba tare da siffar kunnen ta ɓaci ba, sannan su rufe da fatar goshi. Da ɓarnar ta fi haka, da daga haƙarƙari za a ciro guringuntsin. Ya kuma ce da gangan aka fara da leɓe bara, domin a kan leɓe da kunci hanci yake zama, sai sun warke sun daina motsi ake ɗora shi.

Na tambaye shi me ya sa ba za a yanko fata daga cinya a liƙa ba, kamar yadda ake yi wa wanda ya ƙone. Ya ce fatar da aka yanke ta rabu da jiki gaba ɗaya siririya ce, ba ta da jininta, sai an shimfiɗa ta a kan nama mai jini take kamawa. Ba za ta rayu a kan rami ko a kan guringuntsi tsirara ba, kuma tana tsukewa. Abin da za su yi daban ne. Akwai wata jijiyar jini da ke fitowa daga lungun ido ta wajen hanci, ta bi ta ƙarƙashin gira ta miƙe sama cikin goshi. Za su tsaga fallen fata a tsaye a kan wannan jijiyar, su ɗago shi daga sama, su bar gindinsa a manne a wajen gira, su juyo shi ƙasa ya rufe hancin. Jini zai ci gaba da bin gindin yana ciyar da shi har ƙananan jijiyoyi su tsiro daga sabon wurin, abin da ke ɗaukar kamar mako uku, sannan a sake shiga da ita a raba gindin. Fatar goshi kuma ita ta fi kama da ta hanci a launi da kauri.

Ina ta ƙoƙarin maimaita wa Yaya a sauƙaƙe, sai ta katse ni. "Ai na gane. Yaɗon dankali ne. Kana binne reshen yana jikin uwarsa, sai ya yi saiwa ka yanke." Tafinta ya juya maganar, Baturen ya gyaɗa kai ya ce haka abin yake.

Abu guda ya rage a zuciyarta, kuma da dare ta faɗa mini. Kafin su taso wata tsohuwa a ƙauye ta ce mata wannan canza halittar Allah ne. Na kai maganar wa mai masaukina, shi kuma bayan isha'i ya kai ni wajen limamin unguwarsu. Malam bai yi dogon bayani ba. Ya kawo hadisin Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi masa wari, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya sa na zinariya. Abu Dawuda da Tirmizi da Nasa'i sun ruwaito shi. Ya ce zinariyar da aka hana maza ma an halatta ta don gyaran hanci, to ina ga fatar mutum ta kansa? Mayar da abin da ciwo ya ɓata ba canza halitta ba ne. Da safe na isar wa Yaya, ta ce alhamdu lillahi, ta dangwala yatsa a takardar amincewa.

Aikin ya ɗauki sa'o'i. Ba zan ɓoye ba, da aka fito da ita gabana ya faɗi. Goshin a ɗinke daga gira har cikin gashi, ga wata kaurarar fata ta sauko daga girar hagu ta bi ta gefen ido ta sauka a kan hanci, an naɗe bayanta da auduga mai maiƙo, jini na ɗan tsattsafowa. Fuskar ta kumbura, ido ɗaya ya kusa rufewa. Yaya ta juya baya tana salati. Wata mata da ke gadon kusa, wadda aka yi wa ɗanta irin aikin, ta kamo hannunta ta ce, "Yi haƙuri, 'yar uwa, haka nawa ya fito. Kwana uku kumburin zai faɗa."

Kwanakin farko su ne na fargaba, kuma a nan na ga aikin nas-nas. Dare da rana suna zuwa su duba launin fallen, su taɓa shi da bayan yatsa su ji ɗuminsa, su ɗan danna su saki su ga ko jini ya dawo nan take. In ya yi fari ya yi sanyi, jini ba ya shiga. In ya yi duhu ya kumbura, jini na shiga ba ya fita. Kowanne daga ciki na iya kashe fatar, shi ya sa ake kiran likita ko da tsakar dare. An ɗaga mata kai da matasai, an hana ta kwanciya ta wannan ɓangaren, an hana ɗankwalin da zai matse goshi. Yaya ta koyi dubawar ita ma, har ta riƙa riga su.

A zaman jiran nan na san sauran ayyukan da ake yi a wurin. Masu babban rami a kunci, daga ƙirji ake ɗago musu dogon falle, daga kafaɗa zuwa tsakiyar ƙirji, a kai shi fuska, su yi makonni kai a karkace kafin a raba. Wasu daga ƙarƙashin haɓa ake juyo fatar. Wanda ya rasa leɓen sama, daga na ƙasa ake ɗibar masa. Masu ƙagaggen muƙamuƙi sun fi kowa wahala: ko sa su barci aiki ne, sai an zura siririyar na'ura mai kyamara ta hanci an nemo hanyar numfashi, sannan a saki tabon da ya ɗaure ƙashin. Bayan tiyata kuma kullum sai sun yi atisayen buɗa baki da tarin 'yan katakon nan da likita ke danne harshe da su, ana ƙara ɗaya a kan ɗaya. Na ga yaro yana yi hawaye na zuba, babansa na ƙirga masa. In aka yi sakaci da atisayen, bakin sake ƙagewa yake.

Da daddare a Mabera nakan karanta tarihin wannan aiki a waya, kuma abin ya ba ni mamaki. Fiye da shekara dubu biyu da suka wuce wani likitan Indiya, Sushruta, ya bayyana yadda ake auna hanci da ganye, a yanko fatar kunci daidai da shi a bar gindinta a manne. A can a zamanin dā yanke hanci hukunci ne, shi ya sa sana'ar ta yi ƙarfi. A 1794 wata mujallar Landan ta buga labarin Cowasjee, mai kora shanun kayan sojan Ingila, wanda mutanen Sarki Tipu suka yanke wa hanci, wani mai sana'ar hannu a yankin Pune ya gyara masa da fatar goshi bayan ya yi gwajin siffar da kakin zuma. Daga wannan labarin likita Joseph Carpue ya gwada a Landan a 1814. Kafin su, a Italiya, likita Tagliacozzi na garin Bolonya ya yi bayani a 1597 kan ɗago fata daga dantse, a ɗaure hannun mutum a kansa har ta kama. A Yaƙin Duniya na Ɗaya kuma likita Harold Gillies ya yi wa dubban sojojin da harsashi ya ɓata wa fuska aiki a asibitin Sidcup na Ingila da aka buɗe a 1917. Na nuna wa Auta zanen Cowasjee da tabon goshinsa, ta daɗe tana kallo, ta ce, "Kawu, irin nawa ne sak."

Ban zauna a asibiti kullum ba. Na je Hubbaren Shehu na yi addu'a, na yi Juma'a a Masallacin Sarkin Musulmi Bello, na hau kabu-kabu zuwa gadar Rima na ga fadamun albasa da shinkafa. Furar Sakkwato kuwa ta cancanci sunan da ta yi. Amma hankalina na can, ko ina zan je sai na biya da yamma.

Aiki na biyu gajere ne. Aka raba gindin, aka mayar da ragowarsa wajen gira aka daidaita ta, aka gyara bakin fatar da ke kan hanci. Da kumburi ya sauka wata ma'aikaciyar da ke zama da su tana kwantar musu da hankali ta kawo madubi, bayan ta tambayi Auta ko ta shirya. Ina so in faɗi abin da na gani yadda yake, saboda masu irin wannan yaron a gida. Ba hancin da aka haife ta da shi ba ne. Ɓangaren da aka gyara ya fi ɗayan kauri, ƙofarsa ta fi ƙanƙanta har an sa mata 'yar roba a ciki don kada ta tsuke, goshin kuma da layin tabo a tsaye. In ta taɓa sabon wurin ba ta ji sosai. Likita ya ce kaurin zai ragu cikin watanni, in bai isa ba a sake shiga a rage. Amma ramin ya rufe. Iska ta hanci take bi, ƙura ba ta shiga kai tsaye, muryarta ta fito sarai. Wanda bai san ta ba zai ce ta taɓa yin hatsari ne, ya wuce. Ta kalli madubin ta gefe, ta kalla ta gaba, ta ce wa uwarta in sun koma tana son a sa ta islamiyya ta rana.

Aka sallame mu da kati, da man shafawa a tabo, da gargaɗin ta kiyaye rana mai zafi a wurin, da lokacin dawowa a duba. A motar komowa wani dattijo mai buhun albasa da zai sauka a Tsafe ya yi ta satar kallon goshinta, can ya kasa haƙuri ya tambaye ni me ya same ta. Na faɗa masa tun daga ƙyandar. Ya ce a garinsu akwai jikan maƙwabcinsa, kuncinsa a huje, ba ya buɗa baki, sun ɗauka ba magani. Nawa ake biya? Na ce ba a biya, kuɗin mota kawai za su nema. Bai yarda ba sai da Yaya ta rantse masa. Na yago takarda na rubuta masa sunan asibitin da boko da ajami, na ce akwai wata cibiyar a Abuja da aka buɗe a 2023, 'yan Nijar kuma suna da ta ƙungiyar Sentinelles a Damagaram, amma Sakkwato ta fi musu kusa. Auta ta leƙo daga kujerar baya ta ce, "Baba, ku ce su taho da bargo, da sanyi da asuba. Kuma in an ce su koma gida su jira waya, kada su canza lamba."